Kurman da Na Zaga Surukina Ne

Jama'a, yau na so ƙasa ta tsage in shige!

Injin ban ruwana ya ƙi tashi, albasa tana bushewa. Na faɗa gurup ɗin masu gyaran inji na Madawa, ko sallama babu, na rubuta: "Inji ya mutu. Mi za ni yi?" Shiru. Na ƙara: "Duk kurame ne a nan?"

Sai ga saƙon murya. Na kunna. Wallahi uban matata ne! Ban san yana ciki ba.

Ya ce: "Wa alaikumus salam, ko da ba ka yi ba. Wane irin inji? Ina hoto? Da haka ka zo neman ɗiyata, da har yau kana tuzuru. Duba esansi."

Na buɗe tankin mai. Ko ɗigo babu!