Hoton Hannunta a Gefen Jirgi

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta wannan shafi ina girgiza kai kan wautar wasu, yau ga ni da tawa. Lokacin da abin ya faru shekarata talatin da ɗaya, ina aikin harhaɗa magani a wani asibiti da ke Oxford Road a Manchester, ina zaune a ɗan flat a Levenshulme. Ni mutum ne mai rawar kai, mai ganin ya san komai. Bakano ne ni, ban taɓa shiga ruwan da ya wuce na bokiti ba sai da na zo karatu ƙasar nan na koyi iyo, daga nan kuwa na zama kamar ni na haƙa teku.

Matata a Erdington ta girma, a Birmingham, a hannun ƙanwar mahaifiyarta da muke kira Anti. An gaya mini mahaifiyarta ta rasu a haɗari tana ƴar shekara tara. Na ce Allah ya jiƙanta, na ɗauka mota ce, ban ƙara tambaya ba, don a wurinmu tono irin wannan magana rashin kara ne. Ita kuma ba mai yawan magana ba ce. Ranar kai amarya iyaye mata suka zaunar da ita suka yi mata nasihar da aka saba, yi na yi bari na bari, kada ta fara zaman aure da musu. Da labarin ya zo kunnena har daɗi na ji.

Hutun amarcinmu ni kaɗai na shirya shi, ban gaya mata inda za mu ba sai a filin jirgi. Wani ƙaramin gari ne a bakin teku a wani tsibiri mai zafi, ga itatuwan kwakwa, ga ɗan masallaci fari da ake jin kiran sallarsa har bakin ruwa. Kwana biyun farko ban taɓa jin daɗi irin nasu ba. Muka zaga kasuwar kayan ƙamshi tana shinshinar kanumfari tana yi mini dariya don ban iya ciniki ba, muka ci gasasshen kifi da hannu a faranti ɗaya. Da yamma takan tsaya can nesa kan yashi, ba ta ko cire takalmi. Na lura, amma na ce lallenta take tattali.

Rana ta uku na gaya mata na kama mana wuri a ƙaramin jirgin ruwa, za a kai mu ganin kifayen nan masu tsalle da ake kira dolfin. A hankali ta tambaye ni ko za mu koma kasuwa maimakon haka. Na ce kasuwa ai ko a Stockport Road ta unguwarmu akwai ta. Ta ce to. A cikin jirgin ta ɗaure rigar kariya tamau, ta riƙe gefen katakon da hannu biyu, leɓenta na motsi. Na ɗauka tasbihi take yi don ganin ikon Allah. Har na zaro waya na ɗauki hoton hannun nata, baƙin lalle a kan shuɗin ruwa, ina yaba wa kaina.

Da kifayen suka ɓullo sai mutane suka ruga gefe guda, jirgin ya karkata, ruwa ya watso mata a cinya. Ta ƙwalla ƙara tana kiran Ummanta da wata murya irin ta ƙaramar yarinya. Baƙin da ke ciki duk suka juyo. Kunya ta kama ni, kuma maimakon in riƙe ta sai na ƙyalƙyale da dariya, na ce mata da Hausa ƴar Birmingham ko kududdufi ba ta sani ba, ta daina ba ni kunya. Wallahi har ɗebo ruwa na yi da tafin hannu na yayyafa mata a fuska, wai wasa. Dattijon da ke tuƙin ya dube ni sau ɗaya, ya juya kan jirgin zuwa gaɓa ba tare da kowa ya roƙe shi ba.

Muna sauka ta wuce masaukinmu. Sauran kwanakin ta ce kanta ke ciwo, ni kuma na kumbura ina ganin ta ɓata mini shiri. Muka dawo Manchester, tana girki, tana gaishe ni, amma dariyar nan ta kasuwa ta ɗauke. Bayan sati biyu ta nemi izinin zuwa wurin Anti ta yi hutun ƙarshen mako, hutun ya zama sati uku. In na kira, amsarta ba ta wuce lafiya lau. A nan tsoro ya shige ni, na gane matata na neman suɓuce mini tun lalle bai gama goguwa ba. Dabarar da ta zo mini ita ce in wanke hoton nan, in sa shi a gilashi, in hau jirgin ƙasa in kai mata, wai ni ga gwanin soyayya.

Anti ce ta karɓe ni a falo. Ta buɗe hoton ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ko na dubi yatsun da kyau. Na duba. Jijiyoyin hannun duk sun miƙe, faratan kamar za su nutse cikin katako. Sai ta ba ni labarin haɗarin. Kwale-kwale ne, can gida kafin a kawo matata ƙasar nan, suna dawowa daga kasuwar tsallaken kogi ita da mahaifiyarta, mutane suka taru gefe guda ya kife. Uwar ta tura mata wata jarka a ƙirji ta ce ta riƙe kada ta saki. Ta riƙe har masunta suka tsamo ta, uwar kuwa sai washegari aka same ta. Anti ta ce ita ma da laifinta, don su suka rufe maganar gudun kada dangin miji su ce yarinya na da tabo, su ne kuma suka ce mata kada ta musa mini.

Da matata ta sauko na kasa ɗaga kai. Na durƙusa na roƙe ta gafara a gaban surukata, hawaye na zuba, kunyar ma na manta da ita. Matata ta ce shiga jirgin bai yi mata ciwo ba, da ƙafarta ta shiga don ta ga irin murnar da nake yi. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne lokacin da ta kira Ummanta ta zaci hannuna za ta ji a kan nata, sai ta ji dariya. Ba ta biyo ni ranar ba. Bayan kwana takwas na dawo daga aiki na tarar da takalminta a bakin ƙofa.

Shekara uku ke nan. Da kanta ta je wurin GP, wato likitan unguwarmu, aka haɗa ta da mai ba da shawara kan damuwa, da kanta kuma ta shiga ajin iyo na mata zalla ranar Asabar. Har yanzu ba ta wuce inda ruwa ke kai mata ƙugu, ni kuma ina waje da ƴarmu da flas ɗin shayi, ba na tambayarta yaushe za ta ƙara gaba. Na so in jefar da hoton, ta hana, ta rataye shi kusa da ƙofar fita.

Angwaye ƴan'uwana, in amarya ta ce to, ku dubi hannunta kafin ku yarda. Ku tambayi abin da kara ta hana ku tambaya, da taushi, tun ba ku taka shi da ƙafa ba. Iyaye kuma, in kun koya wa yarinya haƙuri, ku koya mata cewa a'a, ku kuma gaya wa mijin inda miki yake. Ni dai kullum zan fita aiki sai na ga yatsun nan, in tuna cewa ina zaune kusa da ita tana neman abin riƙewa, hannuna kuwa yana kan waya.