Shiga Daban, Hawa Daban

Kwana biyu kafin su taso, Hajiya ta kira ni. Hajiya ita ce mahaifiyar abokina mai saro abaya, wanda muka tashi layi ɗaya a Kano, kuma rabin tuwon da ya gina jikina a gidanta na ci shi. Shekara shida ina ɗinki a wani shago a unguwar Ard al-Liwa a Masar, ba ta taɓa kirana ba sai ranar.

"Ɗan nan, ga abokinka nan tafe. Na ji yana ta zancen teku. Ka yi mini alkawari ba za ka bar shi ya shiga ruwa ba."

Na ce, "Na yi alkawari, Hajiya."

Sai da na ajiye wayar na tuna ko in sha Allahu ban sa ba. Da na sa, da ina da 'yar ƙofar fita. Ranar hannun riga biyu na ɗinka a baibai.

Su biyu suka zo, shi da wani maƙwabcinmu malamin firamare da ya zo a duba masa ido. Kwana uku muka yi muna zagayen kasuwa, aka ɗaure abayoyi aka aika. A rana ta huɗu abokina ya zaro waya ya nuna mini wasu mutane tsaye a kan allo, ruwa na gudu da su.

"Hawan igiyar ruwa ke nan. An ce ana yi a Iskandariyya. Yaushe za mu?"

Na ce ai akwai abin da ya fi wannan, hawan dutse. Dabarata ita ce in gajiyar da shi har ƙafafunsa su manta da teku. Washegari da safe na kai su wani busasshen kwari a bayan unguwar Ma'adi, mai fararen duwatsu hagu da dama. Na ɗauki ruwa gora shida, da man zafi, da bandeji, da lema, da dabino, da gishiri saboda wani ya ce mini yana maganin wani abu, na manta ko mene ne. Duk a bayana.

Abokina ya ɗaga kai ya dubi dutsen. "Wannan ne? Ai Goron Dutse ne ya shafa bilicin."

Da silifa ya hau, ya naɗe shaddarsa a kugu kamar mai tsallake kwata. Malam kuwa an ɗiga masa magani a ido, ya sa baƙin tabarau, ba ya ganin komai sai dishi-dishi, amma duk taku goma sai ya tsaya ya ce, "Kai, ikon Allah, dubi kyau!" Sau ɗaya ma ni yake fuskanta ya faɗi haka. Kafin mu kai rabi na zube a kan wani dutse na miƙe ƙafa. Man zafin ni aka shafa wa. Abokina ya karɓi jakar ya rataya, ya riga mu kaiwa sama, ya buɗe hannuwa iska na kaɗa masa riga, ya ce, "Wallahi iskar nan teku take tuna mini." Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce na Tiga ba.

A nan, ina zaune ina haki, na gaya masa maganar Hajiya. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Malam ya gyara tabarau. "Tsaya. Me ta ce daidai?"

"Kada in bar shi ya shiga ruwa."

"Shi kuma me zai yi?"

"Hawa," in ji abokina.

"To, shiga daban, hawa daban. Kai da ka hau jaki, ka shiga jaki?"

Na san wannan fatawa ba ta da ƙafa. Amma ni firamare na tsaya, shi kuma firamaren yake koyarwa. Kuma na ga ko da ni ko ba ni za su tafi. Na sake cika jakata muka hau jirgin ƙasa.

A bakin teku muka sami mai koyarwar, wani ƙaƙƙarfan Bamisire mai furfura da kowa ke kira Kyaftin. Malam ya daɗe yana ƙura wa ruwan ido, sannan ya tambaye ni a hankali, "Wai ina igiyar da ake kamawa?" Na ce ba igiya ba ce ta gaske, sunan tudun ruwan ne kawai. Ina rufe baki Kyaftin ya sunkuya ya ɗaura wa abokina wata igiya a idon sawu, wadda ke haɗe da allon.

"To ga ta nan," in ji Malam. "Shekara shida a Masar ba ka san komai ba."

An cusa abokina cikin wata baƙar rigar roba, ya fito kamar an ɗura kunu a leda. Na ja Kyaftin gefe na ce masa da Larabcina na shago, don Allah ya koya masa amma kada ya shiga ruwa. Ya dube ni ya ce, "Ma'alish," wato yi haƙuri, "a kan darduma zai yi?"

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, kafin ka hau sai ka taka ka je. Ina kallo ruwan ya kai masa gwiwa, ya kai kugu.

"Malam, ya shiga!"

"Wannan hanya ce. Ba a ƙirga hanya."

Sai ya hau, ya faɗo. Ya hau, ya faɗo. A faɗuwa ta bakwai allon ya taso shi bai taso ba. Ban san lokacin da na ruga ba, da kaftani da hula, na manta ban iya iyo ba. Ruwan bai wuce cinyata ba wani tudu ya zo ya kwashe mini ƙafa. Na sha gishiri na ƙoshi. Wanda na je ceto shi ya cafko ni ta wuyan riga ya tsayar da ni, yana cewa, "Mutumina, kai wa aka bar wa amanarka?"

Ya koma. Can sai ga shi ya miƙe tsaye a kan allon, ƙafa a warware, baki buɗe, na kamar numfashi uku. Na ji wani yana ihu yana tsalle a bakin ruwa, ashe ni ne.

Bayan la'asar na ari wayar Malam, tawa ta sha ruwa. Su biyun suka ce in rufa wa kaina asiri, na ce ba zan iya cin abinci da wannan a wuyana ba. Na gaishe da Hajiya, na gaya mata komai, har fatawar jaki, har ihun da na yi.

Ta bari na gama. Sannan ta ce, "Yana nan da ransa?"

"Ga shi nan yana cin kifi, Hajiya."

"Ni da na haife shi ban taɓa hana shi abu ya hanu ba, sai kai? Na gaya maka ne don na san in na ɗora maka, ko ƙiftawa ba za ka yi ba. Shi ke nan, ka sauke. Ba ni shi."

Na miƙa masa wayar. Ya goge hannu a wando, ya karɓa da hannu biyu, ya durƙusa a kan yashi kamar tana ganinsa. Ni kuwa na jawo farantin kifinsa gabana.