Jan Buzu Bai Iya Tsuguno Ba

Ku da kuka san Jan Buzu, kun san hanyar tsokanarsa ɗaya ce: a ce masa Ingilishi. Nan take kunnuwansa su yi ja zur. "Ni ɗan Ailan ne! Mu ma Ingilishi ne suka ci ƙasarmu!" Na ce to me kake yi cikin kakinsu? Ya ce tambayar da uwarsa ta yi masa ke nan.

Hafsan soja ne, gemu ko gama fitowa bai yi ba. Lokacin babban yaƙin Nasara, da aka rufe iyaka, aka turo shi daga Kano ya leƙo sojan Faransi na Magarya. Ni da ke fataucin kanwa na shigo da shi cikin rawanin Buzaye. In aka gano ni ne, harbi ne, ba shari'a.

Ga maƙo! Ganyen shayi ɗaya zai dafa sau bakwai, ya shanya, ya mayar aljihu. Na ce wannan ai ruwan zafi ne. Ya kurɓa ya ce, "Ruwan bai manta ba."

Gaisuwa ya iya, cin tuwo ta ƙarƙashin amawali ya iya. Fitsari a tsugune ne ya gagara. Na yi lallashi, na yi zagi, na ce ko raƙumi da girmansa yana durƙusawa. Sai ya yi dariya ya ce gobe.

Ran kasuwar Guci wani gardi, ɗan sandan Faransi, ya hango Buzu yana fitsari a tsaye bayan tsamiya. Shi ke nan. Ana ɗaure shi na taho, Jan Buzu ya daka mini tsawa kamar bai taɓa ganina ba: "Kauce, mai jaki!"

Kwana tara ana dukansa gaban kumandan Faransi don ya faɗi wanda ya kawo shi. Gardin da kansa ya ba ni labari daga baya, ya ce amsarsa ɗaya ce, shi ba Ingilishi ba ne. A gidan kaso ya mutu. Da suka tuɓe shi suka ga tabon harsashi a gwiwa, ashe ƙafar ba ta lanƙwasuwa sosai. Ni kuwa wata guda ina ce masa mai taurin kai. Wallahi har yau abin na cin raina.

Ya Allah, ba addininmu ɗaya ba, amma ka fi ni saninsa. Ya rufa mini asiri, kai ma ka dube shi.