Farar da Na Raɗa wa Suna Uku

In ana neman wawan wannan labari, kada a wahala, ga ni nan zaune a Kusfa da hulata.

Jikata ce, wadda nake kira amarya, take karatun ƙwari a jami'a. Ƙwari fa, kamar an rasa abin karantawa. Aka ba ta aikin ɗaukar hotunan fara iri-iri, ta kuma nemo sunayensu na Hausa a bakin dattawa. Ta ce duk wanda ya taimaka, sunansa zai shiga littafin. Ni da na tsaya a aji huɗu na koma ɗinkin riga, ga suna zai shiga jami'a ba tare da na cire takalmi ba. Kafin la'asar na sanar da majalisarmu ta Ƙofar Jatau. Ai kuwa suka fara kirana Farfesa, ni kuma ina amsawa.

Ta zo da wayarta muka zauna a zaure. Hoton farko wata koriya ce shar, fukafukinta kamar ganyen lemo, da gashi biyu a ka dogaye kamar zaren da aka manta ba a yanke ba. Na gyara tabarau na ce babe ne, ba tantama. Ta nuna na biyu, an ɗauka daga sama. Na ce wannan farar tumfafiya ce, kowa ya ci ta sai ya kwana a bayan gida. Na uku fuska ce ta kusa cika waya, ƙafafu na leƙowa ta baya, na ce ƙanwar ƙoƙi-ƙoƙi ce, yanzu ma ta yi wuyar gani, sai mu na da.

Amarya ba ta rubuta komai ba. Ta jera hotunan ta ce, "Angona, ƙirga ƙafafun." Duk ukun ƙafar baya ɗaya ce ta karye. Fara ɗaya ce, a kan lemon tsakar gidana ta ɗauke ta, wai tana gwada dattawa kafin ta sa su a littafi.

Na ce ai hoto ba ya nuna girma, kuma shekara sittin ina hulɗa da fara, wa zai koya mini? Ashe kakarta, mai ɗakina, tana bayan ƙofa.

"Malam," ta ce, "yaushe ka taɓa haɗuwa da fara da ƙafafunta? Kai dai a soya, a barbaɗa yaji, sannan a kira ka shaida."