Kawu Mai Jita da Hannun Bahago

Kafin masu shagunan layin su gama ɗaga ƙofofinsu, Kawu Mai Jita ya riga ya share gaban nasa, ya yayyafa ruwa, ya zauna a kan kujerar nan tasa mai gajeriyar ƙafa da ya tokare da guntun katako. Shagon ba wani shago ba ne, in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya fita a samu numfashi. Jitoci ne rataye a bango, wasu ba tsirkiya, wasu an buɗe musu ciki wayoyi na leƙe. Abu na farko da yake yi shi ne ya wanke hannu da sabulu ya goge tas, don a wurinsa taɓa jita da hannu mai maiƙo rashin kunya ne. Sannan ya jona ƙarfen dalma ya bar shi ya yi zafi, ya ɗauki tsumma ya bi jitocin ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda masu su suka manta da su tun bara.

Wanda bai san sana'ar ba zai ce, to mene ne a ciki? Ku tambayi makaɗa, in za su faɗi gaskiya. Mutum zai kaɗa jitar lantarki gumi na zuba a kan tsirkiya, ya gama ya cusa ta a jaka ko gogewa babu, ya jingine ta a bangon da rana ke duka, bayan 'yan watanni ya kwaso ta yana ɓata rai: "Kawu, jitar nan fa da kanta ta lalace." Da kanta! Kawu ba ya musu. Sai ya zare tsirkiya ɗaya da tsatsa ta cinye, ya miƙa masa ya ce, "Shinshina." Daga nan karatu ya fara: a goge tsirkiya sama da ƙasa duk bayan wasa, kada a bar jita a bayan mota da rana, wuyanta katako ne, lanƙwashewa yake, in ramin da ake soka waya ya yi sako-sako kada a yi ta murɗa shi, wayoyin ciki ne za su tsinke. Shekara da shekaru yana wannan faɗa, bakinsa bai gaji ba, kunnuwanmu ne dai, mu makaɗa, suka ƙi ji.

Akwai kuma ɗabi'a ɗaya da ta sa wasu ke ce masa mai tsirfa. Ba ya karɓar jita a hannun ɗan aike, kuma ba ya sa mata sukudireba sai mai ita ya zauna ya kaɗa a gabansa. Ko sauri kake kamar ka tashi sama, sai ka zauna. Shi kuwa ba jitar yake kallo ba, kai yake kallo: yadda kake danna tsirkiya, inda hannunka ke tsayawa, ko kana cije leɓe in ka kai wani wuri. Telan da ke maƙwabtaka da shi ya sha yi masa tsiya: "Kai dai kiɗan kyauta kake so a riƙa yi maka kullum." Kawu ya ce, "Kai kana ɗinka wa mutum riga ba ka ga kafaɗarsa ba?" To, wannan tsirfar ce ta ceci Bahago, kuma saboda ita muka ga bai kamata mu yi shiru ba.

Bahago makaɗi ne, da hagu yake kaɗawa, da dama yake danna tsirkiya, kuma da jitar nan yake riƙe da gidansa. Kawu ya san jitar tun ranar da aka sayo ta, don shi ya juya mata tsirkiya ta dace da hannun mai ita. Ran nan da hantsi sai ga shi ya shigo, ba raha, ba tsokanar Tela kamar yadda ya saba. Ya ɗora jakar a kan tebur.

"Kawu, ka goge ta, ka sassauta mata tsirkiya. In ka samu mai so, ka ba shi."

Kawu ya dube shi ta saman tabarau. "Me ta yi maka?"

"Ba ita ba ce. Ni ne."

Ya miƙo hannunsa na dama, ya yi ƙasa da murya don kada Tela ya ji. Ya ce watanni ke nan in yana kiɗa sai ya ji yatsun suna zugi kamar ana soka masa allura, abin ya hau har wuyan hannu. Mahaifinsa da irin wannan ya fara, daga baya gefen dama ya shanye, ya yi shekaru a kwance sai an juya shi. Bai gaya wa matarsa ba. Asibiti kuwa ko hanyar bai bi ba, wai don kada a faɗa masa abin da ya riga ya sani.

Kawu ya san tsohon, ya kuma ga yadda ya ƙare. Amma bai nuna damuwarsa ba. Ya jawo kujera da ƙafa.

"Zauna ka kaɗa."

"Haba Kawu, ba wasa na zo yi ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Zauna."

Ya jona masa jitar a amfilifayar shago, wato akwatin da ke ɗaga sautin, Bahago ya fara kaɗawa kamar wanda aka yi wa dole. Kawu ya zuba wa hannun ido. Yatsun na gudu sumul, ba rawa, ba tuntuɓe, har ƙaramin yatsa yana kai inda ake so ya kai. Ya bar shi ya daɗe yana yi, har Tela ya tsayar da keke yana kaɗa kai.

"Yanzu kana jin abin?"

"Yau da sauƙi. Haka yake, ya zo ya tafi."

"A dandali fa, in kuna wasa?"

"Can ba na ji, hayaniya ke ɗauke min hankali. Sai na koma gida ina gwaji ni kaɗai."

"Da takalmi kake gwajin?"

"A ɗakina? Wane irin takalmi kuma, Kawu?"

Kawu ya miƙe. Ya cire ƙarfen dalma daga wuta, ya jefa testa a aljihu, ɗan sukudireban nan mai fitila da ake gane wuta da shi, ya ce wa Tela ya kula masa da shago. "Tashi mu je gidanka."

Gidan haya ne da suka koma farkon damina. Ɗakin gwajin a ƙurya yake, ƙasa siminti ne tsirara, gindin bango ya yi duhu saboda laima. Matar Bahago ta fito tana goge hannu a zane.

"A'a, Kawu, yau kai ne a gidanmu? Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, 'yata. Amfilifayar mijinki na zo gaisarwa."

Amfilifayar tsohuwa ce, irin mai nauyin nan. Ya sa Bahago ya kunna ta ya jona jitar, amma ya hana shi taɓa tsirkiya. Ya fito da testa ya ɗora bakinta a kan tsirkiya ɗaya. Fitilar ta kawo ja.

Kawu ya yi salati a hankali. Ya kashe, ya bi waya har bango ya zare fulogin, ya ɗaga shi a haske. Ƙafa biyu ce. Ta ukun, babbar ta sama, an karye ta daga gindi.

"Ina ƙafar nan?"

Bahago ya sosa ƙeya. "Soket ɗin ɗakin rami biyu ne, ta ƙi shiga. Na sa filaya na ɓalle ta. Ai kowa haka yake yi."

"Kowa! To bari ka ji abin da kowa bai gaya maka ba. Ƙafar nan da ka ɓalle ita ce ke kwashe wutar da ta ɓace hanya ta kai ta ƙasa. Amfilifayarka ta tsufa, tana yoyon wuta. Da ka cire ƙafar, wutar ta nemi wata hanya, ta bi waya ta hau tsirkiya, ta shiga yatsunka, ta ratsa jikinka, ta fita ta tafin ƙafarka ta shiga jiƙaƙƙen simintin nan. Ba shanyewar jiki ba ce, ɗana. Wuta ce ke jan ka kaɗan-kaɗan. Kuma ka gode wa Allah da kaɗan take ja, don da ta ja da gaske da yanzu wani zancen ake."

Bahago ya sulale ya zauna a ƙasa. Ya buɗe hannun, ya dunƙule, ya sake buɗewa. Ya fara dariya, dariyar ta rikiɗe ta koma kuka, ƙato da shi, kuma ko kunya bai ji ba. Matar ta dubi wannan ta dubi wancan.

"Wace shanyewar jiki? Wa ya shanye?" Sai ta gane. Ta dafe ƙirji. "Au! Abin da kake ɓoye min ke nan? Allah Ya shirye ka, bawan Allah. Wallahi ban san in rufe ka da faɗa ba ko in yi guɗa."

Wani mai gyaran da nan zai tsaya ya sha godiya. Kawu ya tattara amfilifayar ya ce da ita zai tafi, sai ya canza abin da ke yoyo ya sa mata sabon fulogi. Ya ce ko ta dawo, ba mai jona ta a ɗakin nan sai mai gyaran wuta ya zo ya sa soket mai rami uku, ya haɗa shi da ƙasa yadda ya kamata. Sannan ya juyo kan Bahago.

"Gobe asibiti."

"Ba ka ce wuta ba ce?"

"Wutar na gani da idona. Hannu kuwa likita ne zai duba. Ni jita nake gyarawa, ba mutum ba."

Da yake ya san halin makaɗa, da kansa ya raka shi, ya rufe shago ya je ya zauna a benci yana jira. Likita ta gwada hannun, ta auna abin da za ta auna, ta ce lafiyarsa ƙalau, jini ne kawai ya ɗan hau saboda damuwa. Tela ya ba mu labari cewa da Kawu ya dawo, sai da ya daɗe a zaune bai iya ɗaukar ko tsumma ba. Ya ce masa, "Maƙwabci, sai yanzu na yi numfashi. Tun jiya nake cika baki, amma zuciyata na hannuna."

Kawu, kai ne wanda ba a kiran sunansa a lasifika. In wasa ya yi daɗi, makaɗi ake tafa wa. In jita ta yi ƙara a tsakiyar waƙa, kai ake zagi. Kai ne ka yi shekaru kana shaƙar hayaƙin dalma don yatsun wasu su yi suna, gwanin da ba ya gajiya da faɗa ɗaya. Mun ce maka mai tsirfa, mun ce maka mai ɓata lokaci, kuma ba mu fasa kawo maka jitocinmu ba. Yanzu mun ji 'ya'yanka sun matsa sai ka huta, ido ya fara gajiya da ƙananan wayoyi, kai ma ka fara cewa za ka duba. Ka huta, ka cancanta. Masu tasowa a wannan sana'a, da ma kowace sana'a, ku je ku zauna kusa da dattijon nan tun ƙofarsa na buɗe. Riƙe ƙarfen dalma ko'ina ana koya. Abin da za ku ɗauka a wurinsa shi ne haƙurin tambaya, da tashi a bi mutum har gida in amsar ba ta cika ba. Makaɗa kuma, don Allah, ku bar ƙafar fulogi a inda kuka gan ta.

Kwanaki bayan haka matar Bahago ta zo shagon ita kaɗai, da 'yarsu ƙarama a kafaɗa, yarinyar da ko tafiya ba ta fara ba. Ta gaishe da Kawu, ta tsaya tana wasa da ƙafar yarinyar, kamar mai neman ta inda za ta fara.

"Kawu, akwai abin da ban faɗa maka ba ran nan. Tun da abin nan ya fara, bai ƙara ɗaukar yarinyar nan ba. In na miƙa masa sai ya ce ya gaji. In ta rarrafo wurinsa sai ya tashi ya fita. Na yi kuka har na gaji, na ɗauka mu ne ba ya so. Ashe tsoro yake kada hannun ya saki tana sama."

Kawu ya cire tabarau yana gogewa, ya daɗe yana gogewa.

"Yanzu fa?"

"Yanzu? Ai sai da faɗa nake karɓar ta. Jiya ya ɗaga ta sama ta jiƙa masa riga sharkaf, ya ƙi sauke ta."

Mun gode, Kawu. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiyar ido da ta hannu.