Sifilin da Na Rubuta wa Mama

Ina aji biyu a jami'a Mama ta nemi rance don ta sayi injin markaɗe. Ƙosai take soyawa a bakin titin Samaru. Kullum sai ta kai wake injin wani mutum ta bi layi, wani lokaci ɗalibai su gama wucewa ba ta hura wuta ba. Wani ƙaramin banki a Sabon Gari ya fara ba mata masu sana'a rance, sai wata ƙawarta ta coci ta karɓo mata takardar nema.

Da Turanci take, don haka ni na cike. Na fara da fensir, sannan na bi da biro. Da na iso layin ribar wata, na tambaye ta.

"Riba? A ina?" in ji ta. "In na sayi wake da mai da itace, na ciyar da ku, na biya kuɗin makarantar ƙanenki, na fitar da baikon coci, me ya saura? Rubuta babu."

Na san ba haka banki ke nufi ba. Abincinmu da kuɗin makaranta duk daga ribar suke fita. Har na lissafa a bayan littafina, na ga kuɗin zai isa biyan rancen. Amma a wurin Mama riba ita ce abin da ya rage bayan kowa ya ƙoshi, ni kuma ban saba musu da ita ba. Na rubuta sifili.

Ranar Talata muka hau bas zuwa Sabon Gari. Ma'aikacin bankin mutumin kudu ne, Hausarsa ta kasuwa. Mata sun cika benci suna jira.

"Madam, shekara nawa kina wannan sana'a?"

"Goma sha ɗaya."

"Kuma ba riba? Sadaka kike yi wa ɗalibai ke nan?"

Matan suka yi dariya, Mama ma ta taya su. Sai ya juyo gare ni.

"Ke ce 'yar jami'a. Abin da kika rubuta, haka yake?"

Littafin yana cikin jakata. In na ce a'a, na ƙaryata Mama a gaban mutane. Kowa ya zuba mini ido.

Na ce, "Haka yake."

Ya ɗan jira, ko zan ƙara magana. Daga nan ya ce ba za su iya ba da kuɗi ga sana'ar da ba ta kawo komai ba, ya kira mai bin mu a layi.

A cikin bas Mama ta ce mutumin yana da kirki, sai dai bai san sana'a ba. Na bar ta a haka. Injin bai shigo gidanmu ba sai bayan na gama karatu.