Zoben Kawu Bulus Mai Ɗingishi

Ba zan rantse cewa komai haka ya faru daidai ba. An ɗan jima, kuma a waɗancan makonnin hankalina ba a kwance yake ba, don aure nake shirin yi.

Duk wanda ya san Kawu Bulus, yayan mahaifiyata, ya san ba ya gaisawa sai ya ɗaga kai ya duba fanka. In ba ta yi masa ba, ya ce, "Tana ɗingishi." Malamin zane ne a nan Kafanchan. Da ya yi ritaya ya sayi tsohuwar laftof, ya koya wa kansa yin zane mai motsi. Kuma ba ya zubar da komai. Lanƙwasassun ƙusoshi ma suna da buhunsu.

Saura mako uku bikina ya ce kyautarsa ita ce zoben zinariya da za a haska a bango wajen liyafa, yana ta juyawa ba tsayawa. Ni kuma bakina bai yi shiru ba, na gaya wa baban Rifkatu, amaryata. Shi ma ya gaya wa rabin Kagoro. In zoben bai fito ba, ni ne surukin da ya fara da ƙarya.

Bayan mako guda na je dubawa. Zobe yana juyawa, gwanin kyau! Na ce, "Kawu, ai ya yi."

"Mai digiri, digirin makanta ka yi? Duba! Ya tashi a hankali, ya yi gudu, ya rage gudu. Bas ɗin Kachia ne mai neman fasinja?"

Wai kwamfutar ce ke sassauta farkon motsi da ƙarshensa da kanta. Kwana huɗu suna faɗa, ina jin, kafin ya hana ta.

Ranar wata Talata ya tsayar da ɗan okada, ya sa shi ya kafa babur ya juya taya, shi kuma ya tsuguna yana kallo. Mutumin ya gaji ya ce, "Baba, za ka hau ne ko za ka saya?"

"Zan koya ne. Tayarka ta fi kwamfutata tarbiyya."

Ana jibi biki, zoben yana nan yana ɗingishi. Wannan karon ni ma na gani: duk zagaye ɗaya sai ya ɗan tsaya, kamar ƙiftawar ido. Na tarar da Kawu ya buga tagumi.

"Na gano ciwon. Hotuna sittin da ɗaya ne ke bin juna da sauri, su ba da zagaye guda. Na ƙarshen da na farkon abu ɗaya ne, zoben ya koma inda ya tashi. Ido yana ganin hoto ɗaya sau biyu."

"To a goge na ƙarshen mana, Kawu!"

Ya dube ni kamar na ce a yanka akuyarsa. "A goge? Lafiyayyen hoto? Me ya yi maka?"

Na roƙa, har na durƙusa. Ya ce gara ya sake lissafin daga farko, mako biyu kawai. Biyu! Matarsa, Mama Saraya, tana ɓare gyaɗa a bakin ƙofa, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Bulus, wa ya ce ka zubar? Ka cire shi ka kai a wanke maka a takarda, ka ajiye abinka."

Sai Kawu ya ce, "Dama abin da nake shirin yi ke nan."

Ranar biki zoben ya yi ta juyawa sumul. Surukina ya kalla ya kalla, ya juyo. "Malam Bulus, juyawa kawai yake yi?"

Kawu ya buga ƙirji. "Kawai!"

Da aka zo ba da kyauta ya miƙa wa Rifkatu hoton nan na sittin da ɗaya, a cikin firam ɗin da ya haɗa da hannunsa. Ya ce, "'Yata, wannan bai samu shiga ba. Ku ba shi wuri." Yana falonmu har yau.

Yanzu Kawu ya riga mu gidan gaskiya. Ya Ubangiji Yesu, ka ba bawanka Bulus wuri a gidanka, ka ta'azantar da Mama Saraya. Amin.

Mahaifiyata ta ce ba Mama Saraya ce ta kawo shawarar ba, ita ce. Ban so in yi gardama da ita a rubuce. Wanda yake wurin, don Allah ya aiko mini da gyara.